Ranar da Na Ƙwace wa Dakta Binta Alkaki

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen tsofaffin ɗalibaina da ke tare ni a kasuwa ina ta ce musu "Allah sarki, 'yar nan, an girma," amma walimar Sandamu kam ba na jin ko tsufa zai iya goge mini ita.

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a cikin garin Daura. Ƙananan azuzuwa nake koyarwa, wato daga sassan fure zuwa yadda ruwa ke zama tururi. Amma a cikin dangi ba a kirana Malama, Likita ake ce mini. Da wasa aka fara, ni kuma na riƙe abin da gaske. Duk wadda ta dawo daga asibiti sai ta biyo ta gidana in duba mata magungunanta. In ɗora tabarau a kan hanci, in juya kwali gaba da baya, in ce "Eh, ya yi daidai," kamar da ma likitan jiran amincewata yake yi.

Maigidana, Baban Hanifa, harkar dabbobi yake yi a kasuwar Mai'adua. Wata rana ya je ba matar ƙanensa jini, sai aka ce ba za a ɗiba ba, an ga ƙwayar ciwon hanta a jininsa, nau'in da ake kira B. Mutum garau, yana iya kayar da ɗan maraƙi shi kaɗai. Bayan gwaje-gwaje likita ya ɗora shi a kan ƙwayar magani kullum, ya ce kuma ya riƙa dawowa lokaci-lokaci ana auna jini ana ɗaukar hoton hantar, don irin wannan ciwon idan ya daɗe yana cin ta a ɓoye yakan iya komawa ciwon daji. Kalmar nan ta daji ta tsaya mini a rai. Shi kuwa Baban Hanifa babu abin da ya tsana a duniya irin layin asibiti.

Ana nan sai wata abokiyar aikina ta turo wani dogon rubutu na Turanci a zauren malamai na waya. Rubutun wayar da kai ne, a ƙasansa an sa Dakta B. Abdu. Taken rubutun, idan na juya shi da Hausa, cewa yake: yadda sauyin sukarin da ke jikin furotin ke haɗa daɗaɗɗen kumburi da yaɗuwar ciwon daji. Na karanta taken, na karanta layukan farko, sai na fara cin karo da kalmomi masu tsawon hanyar Kano. Na tsaya. Amma na riga na tsinci abin da nake so: sukari, kumburi, daji. Hantar mijina a kumbure take, yana kuma zuba wa shayi sukari kamar mai cike rami. Shi ke nan, na gano bakin zaren (ni da kaina na ba kaina maki cikakke).

A ranar gwangwanin sukari ya bar gidanmu. Na hana lemon kwalba, na hana rake, na hana alawa, kunu ya koma salam. Zuma kaɗai na ƙyale, ita ma don ina tsoron jayayya da aya. Baban Hanifa ya sha shayinsa na farko yana yamutsa fuska, ya ce, "To Maman Hanifa, in dai sukarin ne tushen abin, ai kin toshe ƙofar ke nan. Wannan zaryar asibitin fa?"

Na ce, "Ai shi ne babban, wanda na yi maganinsa."

Ban ce ya daina zuwa ba. Ban kuma ce ya je ba. Shi kuwa ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi. Magani ya ƙare ba a sake karɓowa ba, ranar komawa ta zo ta wuce yana Mai'adua yana duba haƙoran raguna.

Bayan 'yan watanni Yaya Rabi, 'yar yayar mahaifiyata, ta tashi aurar da 'yarta a Sandamu. Tun da gidajenmu suka bar kiɗan biki suka koma walima, nan ne mata ke haɗuwa: a kafa rumfa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, a ɗauko lasifika, malama ta zo ta yi nasiha, a ci a sha a watse kafin magariba. Yaya Rabi ta kwashe kwanaki tana suya. Alkaki, nakiya, dubulan, cincin, ga zoɓo mai sanyi a manyan robobi.

Na sami wuri kusa da wata dattijuwa daga dangin ango. Siririya ce, da hijabi ruwan toka da tabarau, ba ta da yawan magana. Muka gaisa. Sai na ga ta ɗauki alkaki ta gatsa, ta lumshe ido, ta ce, "Kai, rabona da irin wannan na gida har na manta."

Jama'a, ban san lokacin da hannuna ya miƙa ba. Na zare alkakin daga yatsunta, a hankali dai, cikin ladabi, kamar yadda ake karɓe reza daga hannun jariri.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba rashin kunya ba ne. A shekarunki wannan guba ne."

Ta dubi hannunta, ta dube ni. "To? Me yake yi?"

"Daji yake kawowa."

"Ikon Allah. A ina kika ji?"

"Bincike ne, Hajiya. Abin da ɗan zurfi, sai wanda ya karanci kimiyya."

(Eh. Haka na faɗa. Da bakina.)

Ta ce, "Allah ya ba mu ganewa," ta gyara zama. Ni kuma na naɗe alkakin a takarda na tura cikin jakata don kada shaiɗan ya sake rinjayarta.

Malamar da za ta yi nasiha ta makara, motarsu ta tsaya a hanya. Mata suka fara hayaniya, yara na tsalle a kan tabarmi. Yaya Rabi ta zo da gudu ta cusa mini abin magana a hannu. "Likita, don Allah riƙe mana mutane kafin ta iso. Faɗa musu wani abu mai amfani."

Wani abu mai amfani! Ai kamar ta buɗe wa akuya ƙofar lambu. Na miƙe, na yi sallama, na yi salati, na gyara tabarau. Na ce yau zan tona musu asirin makashin da ke zaune da su a kan faranti. Na ce sukari idan ya shiga jiki sai ya je ya manne a nama, naman ya kumbura, kumburin ya rikiɗe ya zama daji. Ina magana ina kallon hannuwa suna sauka. Mai nakiya ta ajiye, mai dubulan ta mayar, wata ta ture kofin zoɓo da ƙafa. Yaya Rabi na tsaye a bakin madafa tana kallona irin kallon da ake yi wa ruwan da ya sauko ana tsakiyar shanya.

Wata tsohuwa, Inna Delu, ta ɗaga murya daga baya. "'Yar nan, mu da muke shan koko haka nan ba sukari, mun tsira ke nan?"

"Kun tsira, Inna!"

Daɗi ya ɗebe ni. Na ce wannan ba zancena ba ne, zancen wani babban masani ne, Dakta B. Abdu, namiji tsayayye da ya ƙarar da rayuwarsa a kan ilimi, kuma na bi rubutunsa tsaf. Na ce mu yi masa addu'a Allah ya ƙara masa basira. Mata suka amsa da amin. Na lura 'yan matan dangin ango sun cusa fuska cikin hijabi kafaɗunsu na rawa, na ɗauka tsoron Allah ne ya kama su.

Sannan na kawo hujjata ta ƙarshe. Na ce, "Ga maigidana nan, yana da ciwon hanta. Tunda na raba shi da sukari, ko magani ya daina sha, ko hanyar asibiti ya daina bi, kuma lafiyarsa ƙalau."

A nan ne dattijuwar ta miƙe. Duk surutun da na yi a baya tana zaune tana sauraro da ɗan murmushi, amma yanzu babu murmushin. Ta miƙo hannu, na ba ta abin maganar ina tunanin godiya za ta yi.

Ta yi sallama. Ta ce, "Ni gwaggon ango ce, sunana Binta Abdu. Malama ta sa kun yi wa wani namiji tsayayye addu'a. Ina roƙon a juyo da ita kaina, don ni na yi rubutun, kuma ina bukatar basirar."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Rumfar ta fashe da dariya. Har masu wanke-wanke suka leƙo. Ni dai na sulale na zauna, ban ma dace da tabarma ba, a kan takalman mutane na sauka. Ashe shekara da shekaru tana koyarwa a jami'a a wata ƙasa, aikinta ke nan dare da rana, bikin ɗan ƙanenta ne ya kawo ta gida. Kowa a dangin ango ya sani. Ni kaɗai ce mai zurfin bincike.

Ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce, "Kada ku yi mata dariya da yawa. Rabin laifin nawa ne, na rubuta wa mutanena abu da harshen da ba nasu ba. Bari in biya bashin... a'a, bari in gyara yanzu. Su wa ke ɗinkin hula a nan?"

Hannuwa suka tashi ko'ina.

"Madalla. Yadi iri ɗaya kuke saye, amma zanen zare ne ke sa a ga hula daga nesa a ce wannan ta wuri kaza ce. To jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ƙera ma'aikatanta, su ake kira furotin. Kafin ta tura ma'aikaci waje, akwai masu ɗinki a cikinta da ke yi masa ado da wani siririn zare mai rassa. Wannan zaren da 'yan ƙananan sukari iri-iri aka kitsa shi. Ba sukarin shayi ake kwasowa a liƙa ba. Jiki ne ke kaɗa zarensa da kansa daga duk abin da kika ci, ko tuwon dawa ne da miyar kuka."

Inna Delu ta ce, "Af! Har mu masu koko?"

"Har ku, Inna. Santsin yawun bakinki ma aikin wannan zaren ne. Kun san ana cewa wannan jininsa A ne, wancan O. Abin da ya raba su ƙwayar sukari ce guda a bakin zaren da ke jikin ƙwayoyin jininsu. Ita ce idan aka yi kuskure wajen ƙarin jini take iya kashe mutum."

Na ɗago kai ban shirya ba. Shekaru ina rubuta rukunonin jini a allo, ina sa yara su haddace, ina dukan tebur, ban taɓa tambayar kaina mene ne A ɗin ba.

Ta ci gaba. Ta ce sojojin jiki, fararen ƙwayoyin jini, ba su da ido. Shafa ado suke yi su gane na gida da baƙo. Ta ce kumburi kansa rahama ne idan na ɗan lokaci ne. Idan ƙaya ta soke ki, bangon jijiyar jinin da ke wurin sai ya fito da wasu 'yan ƙugiyoyi. Sojan da jini ke gudu da shi yana da wani ado da ke kama ƙugiyar, kamar yadda ƙarangiya ke kama zane. Sai ya rage gudu, ya mirgina, ya tsaya, ya ratsa bangon ya fita daidai inda ciwon yake. Ba gaba ba, ba baya ba.

Wata daga gefe ta ce, "Subhanallah."

"Matsalar," in ji ta, "ita ce kumburin da ya ƙi ƙarewa. Ƙwayar cuta ta zauna a hanta shekara da shekaru, ko a tumbi, ko a hanji. Kullum ana ƙonewa ana gyara, ana ƙonewa ana gyara. A cikin yawan gyaran nan wata ƙwayar halitta takan lalace ta fara hayayyafa ba tsari. Su kuma masu ɗinkin, da yake kullum cikin ƙarar yaƙi suke aiki, sai hannunsu ya sauya. Wani zaren su yanke shi bai kai ba, wani su ƙara masa rassa, wani su cika masa baki da abin da bai kamata ya yi yawa ba. To wannan sabon adon shi ke yi wa lalatacciyar ƙwaya hidima. Yana sa ta saki hannun maƙwabtanta ta ɓalle. Yana sa idan soja ya shafa ta ya ji kamar ana ce masa, kwanta, ta gida ce. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, har yau da nake wannan aikin, tana iya ɗaura adon ƙarangiyar nan na sojoji. Ta shiga jini, ta kama ƙugiya, ta sauka a wani sashen jiki ta kafa sabon gida. Hanyar da aka shimfiɗa don ceto, ita take bi."

Wallahi na manta a kan takalma nake zaune. Na dubi bayan hannuna, fatar nan da na saba shafa wa mai ba tare da tunani ba, na ce ashe duk wannan saƙa na gudana a ƙarƙashinta, ana ɗinki, ana shafawa, ana tantancewa, tun ina cikin mahaifiyata, ba wanda ya taɓa neman shawarata.

Ta ce akwai abin farin ciki. Tunda adon na sauyawa, ana iya ganin sauyin a jini. Akwai wani furotin na hanta da idan aka same shi da ƙarin ƙwayar sukari a gindin zarensa, yakan sa likita ya ƙara sa ido tun abu bai yi nisa ba. Ta ce yawan shan zaƙi yana da nasa sharrin, ga ciwon suga ga ƙiba, ita hantar ma ba ta son kitse, don haka a rage. Amma barin sukari ba ya kashe ƙwayar ciwon hanta. Abin da ke rage wutar shi ne a gwada jini, wanda aka ɗora a kan magani ya riƙe shi, a yi wa jarirai rigakafi, a kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna.

Sai ta juyo gare ni. "Malama, ina alkakina?"

Na buɗe jaka a gaban matan Sandamu da na Daura, na warware takarda, na miƙa mata da hannu biyu. Ta gatsa a bakin lasifika, kowa ya ji ƙarar. Yaya Rabi ta rangaɗa guɗa, faranti suka dawo da rai. Malamar nasiha ta iso daidai lokacin, ta tarar ana ta "Allahu Akbar" baki cike da nakiya, ta rasa wa ya riga ta.

Na so in sulale ta ƙofar baya, Dakta Binta ta riƙo mini hijabi ta ja ni gindin wata bishiyar darbejiya a bayan rumfa.

"'Yata, yaushe rabon maigidanki da maganin?"

Na faɗa mata. Irin kallon da ta yi mini, na gwammace dariyar ɗazu.

"Wannan maganin ba a yanke shi haka kawai. Ƙwayar takan farka da ƙarfi, kuma hanta ba ta kuka sai ta gaji. Gobe ku je. Ba jibi ba."

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

"Ni me kika yi mini? Kin sa an yi mini addu'a. Kira shi yanzu, ina tsaye."

Na kira shi, ina jin kukan tumaki ta cikin wayar. Na ce gobe da sassafe za mu asibiti. Ya ce ba an gama da wannan ba? Na ce ba a gama ba, ni ce ban fahimta ba.

Ya ce, "To sukarin fa?"

"Ka sha. Kaɗan."

"Maman Hanifa, lafiyarki kuwa? Wa ke kusa da ke?"

Washegari muka bi layin da ya tsana. Sakamako ya nuna ƙwayar ta farka, hantar ta sake kumbura har ta fara tabo, amma hoto bai nuna ƙari ba. Da likitan ya faɗi haka sai na yi hamdala. Ya yi wa Baban Hanifa faɗa sosai, ya ce wane ne ya ce ka daina? Na sunkuyar da kai ina jira. Bawan Allahn nan ya ce, "Likita, sakacina ne, kasuwa ce ta ɗauke mini hankali." Ko kallona bai yi ba. A hanyar gida ma bai tayar da zancen ba, sai dai ya tsaya a wurin mai shayi ya sha kofi guda ina zaune a mota ina kallon gabana. Har yau yana kan maganinsa, kuma ni ke tuna masa ranar komawa.

Kafin Dakta Binta ta koma ta nemi in taya ta mayar da rubutun nan Hausa don matan Islamiyya. A lokacin ne na karanta shi daga farko har ƙarshe, da ƙamus a cinya, ina kiranta tana yi mini bayani ba ta gajiya. A sakin layi na biyu, ƙasa kaɗan da inda na tsaya a wancan karon, ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada mai karatu ya ɗauka sukarin abinci ake nufi.

Da zangon karatu ya zagayo kan darasin jini, na ajiye alli na ba ɗalibaina labarin zaren da masu ɗinki da ƙarangiya. Can wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. "Malama, to su masu ɗinkin ba su da ido, ba su da kai. Ya aka yi suka san zanen da za su yi?"

A da, da na ƙirƙiro mata amsa nan take, da Turanci ma. Na ce, "Wanda Ya koya musu na san Shi. Yadda Ya koya musu ne ban sani ba."

Suka zaro ido, don ba su taɓa jin haka daga bakina ba. Na jira in ga ko rufin ajin zai faɗo, bai faɗo ba. Tun daga ranar na gane cewa "ban sani ba" ba ta kashe malama, kuma ta fi sauƙin faɗa a gaban yara a cikin aji a kan a fitar miki da ita ta lasifika, gaban surukan 'yar'uwarki.